Yadda na shiga aikin kwana-kwana na sa-kai a wani ƙauyen Fensilbaniya

Yawancinmu da muka taso a Kano ko Katsina ko Maraɗi mun san ɗan kwana-kwana a matsayin ma'aikacin gwamnati, mai kaki da albashi da fansho. A manyan biranen Amurka ma haka abin yake. Amma da zarar ka bar birni ka nausa karkara, waɗanda za su zo da jar mota idan gidanka ya kama da wuta maƙwabtanka ne: bakanike, manomi, malamar makaranta, direban babbar mota, kuma ba mai biyansu ko sisi. Ƙididdigar 2020 ta NFPA, ƙungiyar Amurka mai tsara ƙa'idojin kariya daga gobara, ta nuna cewa cikin 'yan kwana-kwana sama da miliyan ɗaya a ƙasar, kimanin 677,000 'yan sa-kai ne, wato kashi 65 cikin 100. Jihar Fensilbaniya, inda nake zaune, tana da tsohon tarihi a wannan harka, domin a Filadelfiya ne Benjamin Franklin ya kafa ƙungiyarsa ta kashe gobara a 1736. Sai dai mutane sun yi ƙaranci ƙwarai. Wani rahoton majalisar dokokin jihar na 2018 ya ce daga kusan 300,000 a shekarun 1970, 'yan sa-kai sun dawo kimanin 38,000. Shi ya sa kusan kowace tashar ƙauye za ka ga allo a bakinta ana cigiyar masu shiga. Ni na shiga, kuma tun daga lokacin 'yan'uwa da ke zaune a ƙananan garuruwa suke kirana suna tambayar ta ina ake farawa. Zan faɗi yadda tawa tafiyar ta kasance daki-daki, domin rashin mai yi mini bayani ya sa na sha jira da ruɗanin da ba su zama dole ba.

Matsalar farko ita ce samun wanda za ka yi wa magana. Tashar ƙauye a kulle take da rana, kowa yana wajen neman abincinsa. Lambar wayar da ke jikin allo na'ura ce take amsawa, kuma lambar kiran gaggawa ta 911 ba wajen tambayar fom ba ce. Wani da muke aiki tare a kamfanin haɗa abincin dabbobi shi ne ya ce mini in je daren da suke atisaye, domin kowace ƙungiya tana da dare ɗaya a mako da mambobi suke taruwa su duba motoci su gwada kayan aiki. Na je bayan magariba na tarar ƙofofin a buɗe, wasu suna naɗe mesa, wasu suna wanke mota. Shugaban aiki ya fito daga ƙarƙashin wata tsohuwar tanka da baƙin mai a hannunsa, ya saurare ni, ya zagaya da ni ko'ina, sannan ya miƙo mini fom mai shafi uku. A nan ne na fara gane cewa mamba suna ya tara. Akwai wanda yake biyan kuɗin shekara ya riƙa taimakawa wajen tara kuɗi kawai, akwai mai fita idan an yi kira, akwai yara 'yan shekara 14 zuwa 17 da ake koya wa aiki amma doka ta hana a kai su cikin haɗari, akwai kuma dattawan da suka daɗe har aka ba su matsayin mamba na har abada. Fom ɗin ɗaya ne, ɗan akwatin da ka yi wa alama shi zai nuna wanda kake nufi, to ka lura da shi. Shugabancin ma gida biyu ne. Shugaban aiki da mataimakansa su ke da iko a wajen gobara, amma harkar fom da kuɗi da taro tana hannun shugaban ƙungiya da sakatare da ma'aji. Wanda ya ba ka fom ba lallai ne shi zai bi maka shi ba, saboda haka ka nemi lambar sakatare tun a daren.

Daga nan sai takardu. An nemi lasisin tuƙi na jihar da katin zama, ba a ce sai ɗan ƙasa ba. An nemi takardun wanke kai guda uku: ta 'yan sandan jiha da ke nuna ba ka da tarihin laifi, ta ma'aikatar jin daɗin jama'a da ke nuna ba a taɓa kama ka da cin zarafin yara ba, sai ta FBI wadda ake ɗaukar tambarin yatsu. Biyun farko kyauta ne ga ɗan sa-kai kuma ta intanet ake nema, sai dai ka tabbata ka zaɓi wajen da aka rubuta aikin sa-kai, in ba haka ba za a caje ka kamar mai neman aikin albashi. Ta ukun tana kan duk wanda bai cika shekara 10 a jere yana zaune a jihar ba, wato kusan dukanmu baƙi. Sai ka yi rajista ta intanet, a ba ka rana, ka tuƙa zuwa cibiyar ɗaukar yatsu, wadda a wajenmu tana hedikwatar gunduma. Kuɗin bai kai dala 30 ba, kuma daga baya ƙungiya ta maido mini da na kai rasit. Ka rubuta sunanka daidai yadda yake a katin zamanka, harafi da harafi, domin irin sunayenmu da ake rubuta Muhammad a nan, Mohammed a can, suna iya tsayar da takarda. Abin da ya fi ba ni wuya shi ne layin da ake so mambobi biyu su sa hannu cewa sun san ni. Ɗan gari yana da kawu ko abokin makaranta a ciki, baƙo kuwa ba shi da kowa. Mafitar da na samu ita ce zuwa daren atisaye kowane mako ina taya su wanki da shara, har aka san fuskata, mutum biyu suka sa hannu ba tare da na roƙa ba.

Jiran da ya biyo baya shi ne ya fi damuna, don ban san dalilinsa ba. Ashe tsarin mulkin ƙungiyar ne ya tsara haka: ana taro sau ɗaya a wata, a taron farko a karanta sunanka, kwamiti ya kira ka ya yi maka tambayoyi, sai a taro na gaba a kaɗa ƙuri'a. Idan fom ɗinka ya iso washegarin taro, to ka ƙara wata guda ke nan. Kwamitin mutum uku ne a ɗakin girki na tashar. Sun tambaye ni lokutan aikina, nisan gidana daga tasha, ko ina tsoron jini ko tsayi, da kuma ko iyalina sun san abin da nake shirin ɗauka. Wata dattijuwa a cikinsu, wadda ta yi shekaru tana tsare hanya a wajen haɗarin mota, ta ce mini ƙungiya ba ta rasa jarumai ba, abin da take nema shi ne wanda zai zo ran Talata da rana lokacin da kowa yake wajen aiki. Da na ce aikin dare nake yi, sai na ga fuskokinsu sun saki. Daren ƙuri'a aka ce in fita waje in jira. Ina tsaye kusa da motoci ina jin muryoyi ta bango, zuciyata tana ta saƙe-saƙe, domin ni kaɗai ne baƙar fata kuma Musulmi a wajen, kuma ƙuri'ar ta sirri ce. Da aka buɗe ƙofa sai na ji tafi. Aka karɓe ni a matsayin ɗan gwaji na shekara guda, na biya kuɗin mamba dala 10, aka ba ni lambar buɗe ƙofa da kwafin tsarin mulki.

Mataki na gaba shi ne asibiti, kuma ƙungiya ce ta biya. An auna hawan jini, an duba zuciya da ido da ji, an sa na hura iska cikin wata na'ura don a ga ƙarfin huhu. Kada ka raina wannan gwajin, domin bugun zuciya ya fi wuta kanta kashe 'yan kwana-kwana a bakin aiki. Bayan likita ya sa hannu sai gwajin takunkumin shaƙar iska, wanda a nan ne tafiyata ta canza hanya. Ana sa wa mutum takunkumin da ke rufe fuska gaba ɗaya, a jona masa siririn bututu zuwa wata na'ura, a ce ya yi numfashi, ya juya kai dama da hagu, ya ɗaga ya sunkuyar, ya karanta rubutu da ƙarfi, ya duƙa, na'urar tana auna ko iskar waje tana kutsawa. Ina kallon na gabana yana yi har ya gama. Da aka zo kaina mai gwajin ya dubi gemuna ya ajiye takunkumin, ya ce cikin ladabi ba zai iya gwada ni ba. Ƙa'idar hukumar OSHA mai kula da lafiyar ma'aikata a wurin aiki da ta NFPA duk sun hana gashi ya shiga tsakanin fata da robar da ke manne wa fuska, makarantun horo ma suna bin wannan. Gashin baki ba laifi muddin bai kai wajen robar ba. Dalilin kuwa ba na wasa ba ne, hayaƙin kayan gida na zamani yana ɗauke da guba irin su kabon monokzayid da sayanayid, kuma 'yar kafa kaɗan tana sa iskar tukunya ta zurare kafin lokacinta. Maganar ta sha zuwa kotu a ƙasar nan. A 2009 wata kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta ba wasu 'yan kwana-kwana masu gemu na birnin Washintan gaskiya kan hujjar addini, amma a 2021 wata kotun ta goyi bayan dokar aski ta birnin New York a ƙarar da wasu baƙaƙen fata masu fama da ƙurajen aski suka shigar. A ƙaramar tashar ƙauye ba mai zuwa kotu, tsakaninka ne da shugaban aiki da kuma zuciyarka.

Na dawo gida jikina a sanyaye. Ranar Juma'a bayan an sauko na samu limaminmu, dattijo ne da muke girmamawa, na ce, "Allah gafarta Malam, ga halin da nake ciki." Ya saurara har na gama, sannan ya ce, "Ɗana, kafin mu shiga maganar aski, je ka tambaye su ko duk aikin ceton nan sai da takunkumi ake yin sa." Na koma na tambayi shugaban aiki, sai ya ce ai a gobarar ƙauye mutum biyu ko huɗu ne suke shiga ciki, sauran duk a waje suke, kuma in ba su, na cikin ba za su daɗe ba. Akwai ma ƙa'idar cewa in biyu suka shiga, dole biyu su tsaya a waje cikin shiri don ceto su. Ya ƙara da cewa ba ni ne na farko ba, Kiristoci mabiya ɗariƙar Amish, waɗanda mazansu suke tsayar da gemu bayan aure, sun daɗe suna aikin kwana-kwana a gundumomin da suke zaune. Na zaɓi in bar gemuna in tsaya a aikin waje. Wani ɗan'uwa ɗan Gana da ke wata gundumar shi kuma ya tambayi nasa malamin, ya aske, yanzu yana cikin masu shiga wuta. Ban ga laifinsa ba, shi ma bai ga nawa ba. Abin da nake so ka sani shi ne wannan tambayar tana jiranka, gara ka yi shawararka tun kafin ranar gwaji.

Kayan aiki ma'ajiyar tasha ce ta ba ni: riga da wando masu kauri uku, takalmi mai ƙarfe a baki, hular kwano, safar hannu da hular wuya. Ba sababbi ba ne. A cikin wuyan rigar akwai wata 'yar takarda mai ranar da aka ɗinka ta, kuma ƙa'idar NFPA ita ce a daina amfani da kaya idan sun kai shekara 10 daga wannan ranar, to ka duba taka. Sabon saiti yana cin dala 4,000 ko fiye, shi ya sa ba a auna ɗan gwaji sai an ga zai zauna. Kafin in shiga aji an ce in yi darussa biyu na FEMA, hukumar ba da agajin gaggawa ta tarayya, ta intanet, IS-100 da IS-700, waɗanda suke koyar da tsarin wa ke ba da umarni a wajen hatsari da yadda hukumomi daban-daban suke aiki tare. Kyauta ne, amma sai ka fara neman lambar ɗalibi a shafinsu kafin a bar ka ka yi jarrabawa. Ka buga takardun shaidar ka kai wa jami'in horo, ka kuma ajiye kwafi a gida, domin kowane kwas na gaba sai an neme su.

Horon jihar kashi huɗu ne, makarantar kashe gobara ta jiha da ke Lewistown ce take tsara shi, amma a cibiyar horo ta gunduma ake yi, da daddare a tsakiyar mako da kuma Asabar da Lahadi. Na farko gabatarwa ne, na biyu aikin taimako a wajen gobara, na uku aikin waje, na huɗu shiga ciki. Idan aka haɗa da darasin sinadarai masu haɗari da na farfaɗo da wanda zuciyarsa ta tsaya, abin yana haura awa 150. Jiha ba ta tilasta wa ɗan sa-kai mallakar babbar takardar shaida ba, kowace ƙungiya ce take yanka iyakar da take so, saboda haka ka tambayi taku. Ajin ba kullum ake buɗe shi ba, in ka rasa na bazara sai na kaka, kuma fashin dare ɗaya yana iya sa ka maimaita kashin gaba ɗaya. Turancin aikin ya ba ni wahala da farko fiye da ɗaukar tsani, domin kowane ƙarfe da kowane ƙulli yana da sunansa, malamai kuma da sauri suke magana. Na riƙa ɗaukar hoton kayan da ke kowace durowar mota ina rubuta sunayensu, ina bita a lokacin hutun aiki. Kashi na uku ya faɗo cikin azumi. Sa waɗannan kaya da rana tsaka kana jan mesa cike da ruwa ba ƙaramin abu ba ne, gumi yana cika takalmi. Na gaya wa malamin tun ranar farko, sai ya riƙa sa ni a zagayen safe, kuma a darussan dare ya ba da hutu daidai faɗuwar rana. Ranar da 'yan ajinmu suka shiga ginin da ake kunna wuta a ciki, ni ina waje ina canza musu tukwanen iska. Tukunyar da aka rubuta wa minti 30, mai aiki tuƙuru yana shanye ta cikin minti 15 zuwa 20. Suna fitowa su durƙusa, hayaƙi yana tashi daga kafaɗunsu, in kwance tsohuwar tukunya daga baya in ɗaura sabuwa in buga kafaɗa alamar an gama. Ba zan ɓoye ba, na ji wani abu a raina da ban shiga tare da su ba.

Aka ba ni 'yar na'urar kira da ake ratayawa a ƙugu, aka kuma sa mini manhaja a waya wadda nake danna wa don a san ina tafe. Shugaban aiki ya sa hannu na sayi shuɗiyar fitila ta mota da kuɗina. A jihar nan wannan fitilar roƙo ce kawai ga sauran direbobi su ba ka hanya, ba ta ba ka ikon tsallake jar danja ko wuce ƙa'idar gudu ba. Abin da ya ba ni mamaki shi ne ƙarancin gobara. A faɗin Amurka kusan kashi biyu cikin uku na kiran da ake yi wa 'yan kwana-kwana na rashin lafiya ne, gobara ba ta kai kashi 5 cikin 100 ba. Mu ma abin da muka fi fita a kai shi ne haɗarin mota, bishiyar da ta faɗi a kan hanya, ruwan da ya cika ɗakin ƙasa, tsohon da ya faɗi ya kasa tashi, sai kuma bututun hayaƙi da ke kamawa da sanyi a gidajen da ake ɗumama su da itace. A ƙauye wanda za ka tarar cikin motar da ta kife sau da yawa ka san shi. Na farko da na gani ya hana ni barci, kuma da na faɗa, aka haɗa ni da mutanen gunduma da aikinsu ke nan, zama da waɗanda suka ga abin tashin hankali.

Da shekarar gwaji ta cika aka sake kaɗa mini ƙuri'a, bayan an duba yawan kira da atisaye da aikin tara kuɗi da na halarta. Daga nan na nemi tuƙin tanka. Na yi kwas ɗin tuƙin motar gaggawa na awa 16, na yi ta zagaye da tsohon direba a gefena, sannan shugaban aiki ya rubuta mini takardar izini, wadda a jihar nan take ba ɗan kwana-kwana damar tuƙa motar tasha ba tare da lasisin manyan motoci ba. A karkara babu famfunan gobara a bakin titi, duk ruwan da za a zuba wa wuta sai an ɗauko shi. Tankarmu tana cin galan 3,000, sama da tan 11 na ruwa ke nan, kuma yana tangaɗi a bayanka duk kwanar da ka sha, shi ya sa kifewar tanka take cikin abubuwan da ake jin tsoro. Wani dare cikin kaka rumbun wani makiyayi ya kama, ingiricin da aka tara da danshi ne ya yi zafi ya kunna kansa. Aka shimfiɗa wani babban kwarmin tamfol mai ƙafafun ƙarfe a bakin gonar, kowace tanka ta ja da baya ta buɗe bututu ta juye ruwanta a ciki cikin 'yan mintoci, injin yana zuƙa daga nan yana aika wa masu mesa. Mu kuma mu koma wani tafki inda aka dasa bututu tun da daɗewa, a cika mu, mu dawo. Tankoki daga ƙauyukan maƙwabta suka shigo layi, oba-oba tana ta kiran lambobi, hanya siririya ga laka. Duk lokacin da na iso na leƙa madubi na ga ruwan kwarmin ya kusa ƙasa, mai injin yana ɗaga mini hannu in yi sauri. Rumbun ya tafi, amma shanun da ɗakin tatsa da gidan mutumin sun tsira.

Maganar kuɗi sai da na fara zama a taron wata sannan na fahimce ta. Ma'aji yana karanta komai a fili, daga kuɗin dizal har na sabulu. Ƙaramar hukuma tana ba da wani abu duk shekara kuma ita ke ɗaukar inshorar wanda ya ji ciwo a bakin aiki, amma abin da take bayarwa ba ya riƙe tasha. Akwai harajin kashi 2 cikin 100 da jiha take karɓa daga kamfanonin inshorar gobara na wajen jihar, a raba wa asusun tallafi na 'yan kwana-kwana, wanda daga shi ake biyan horo da kayan kariya, kuma babban mai binciken kuɗi na jiha yana bin sawun kowace dala. Akwai tallafin shekara daga ofishin kwamishinan kashe gobara, da rance mai sauƙi don sayen mota ko gini. Akwai kuma tallafin tarayya na FEMA da aka fara a 2001, wanda gasa ce tsakanin dubban tashoshi, kuma ƙaramin gari mai mutum 20,000 ko ƙasa da haka sai ya kawo kashi 5 cikin 100 daga aljihunsa. To ka auna wannan da farashi: na'urar shaƙar iska guda ɗaya tana kusan dala 10,000, sabuwar motar kashe gobara tana kaiwa dala 800,000 zuwa miliyan, kuma sai an yi shekaru ana jiran a ƙera ta. Giɓin da ya rage da gasa kaji ana sayarwa ake cike shi, da wasiƙun neman taimako gida-gida, da tsayawa a mararraba da takalmin aiki a hannu direbobi suna jefa canji. A gundumar Lankasta tun shekarun 1960 ake yin babban gwanjo a ƙarshen hunturu, ana sayar da barguna ɗinkin hannu da dawakai da kayan noma don tashoshin ƙauye. Aikin gayya ne sosai, sai dai wannan gayyar ba ta da ranar tashi. A ganina ba daidai ba ne mutumin da ya kwana yana jigilar ruwa ya wayi gari yana juya kaji don a sayi tayar motar da za ta ceci jama'a, kuma na tabbata wannan gajiyar tana korar matasa fiye da tsoron wuta.

A nan ma akwai abin da Musulmi zai yi tunani a kai. Tashoshi da yawa suna samun kuɗi ta wasan caca na bingo da sayar da tikitin ƙuri'a, wasu ma suna da mashaya a gefe. Ni na gaya wa shugaban ƙungiya cewa ba zan sayar da tikiti ko in tsaya a mashaya ba, amma a rubuta ni a gashin kaji da wankin tukwane da tsayuwar mararraba ko sau nawa ne. Bai ja ba, don masu son aikin hayaƙi da maiƙo ba su da yawa. Abincin taro yakan zo da naman alade, sai na riƙa zuwa da nawa, har wata rana uwargida ta aiko da tukunyar dafa-duka, yanzu su suke tambaya yaushe za a sake.

Ga mai niyya, abubuwan da zan ce ya tambaya a daren farko su ne ranar taron wata, tsawon lokacin gwaji, kashi nawa na kira da aikin tara kuɗi ake so ya halarta, wa ke biyan kuɗin horo, da kuma ko za a ce ya maido kuɗin in ya bar ƙungiya da wuri. Ka sanar da wajen aikinka a rubuce. Dokar jihar nan ta hana a kori ɗan sa-kai ko a hukunta shi don ya makara saboda kiran da ya amsa kafin lokacin aikinsa, sai dai ana iya yanke masa kuɗin awannin, kuma sai ya kawo takarda daga shugaban aiki. Wata doka ta 2016 ta ba ƙananan hukumomi damar rage wa 'yan sa-kai haraji, amma ba kowace ce take yi ba, kuma sai ka cika fom duk shekara. Wanda yake kan bizar karatu ko ta aiki ya fara tambayar lauya ko ofishin ɗalibai kafin ya karɓi ko da ɗan alawus ne. Ka zauna da iyalinka ku yi magana ta gaskiya, domin na'urar kira ba ta san Sallah ko suna ba, kuma matarka ce za ta zauna da yara da fargaba duk daren da ka fita. Mata ma suna shiga, a tasharmu mace ce mataimakiyar shugaban aiki. Wanda ya manyanta ko lafiyarsa ba ta kai ba, akwai tsaron hanya, akwai riƙe littafin kuɗi, akwai rubuta takardun neman tallafi, wanda a yanzu shi muka fi rasa mai yi. Wannan duk tsarin Fensilbaniya ne, a jihar Ohayo da ke maƙwabtaka da mu kwas ɗin awa 36 ne matakin farko na ɗan sa-kai, saboda haka wanda yake wata jihar ya nemi ƙa'idar tasu a wajen jami'in horo na tashar da ta fi kusa da gidansa.